FASHIN BAƘI: Musanta sakamakon zaɓe a Zamfara da yadda yake kashe wa masu ƙuri'a gwiwa

Masu zaɓe a Jihar Zamfara sun kaɗa ƙuri'ar gwamna ranar 18 ga Maris, 2023, amma sai ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta rufe maganar wanda ya ci. Kwana 300 ke nan cif. A cikinsu akwai kwana 57 da mutanen Bukkuyum da Maradun da Birnin Magaji suka yi suna jiran a sake kiransu rumfar zaɓe, saboda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen bai kammalu ba a yankunansu.

Shekara huɗu kafin nan, kotu ta zubar da ƙuri'a fiye da rabin miliyan a jihar a zama guda. Tsakanin waɗannan shari'u biyu an rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi, an tsige mataimakin gwamna, kuma kowace daga manyan jam'iyyun biyu ta taɓa kiran zaɓen da ta faɗi da sunan fashi. Wannan bayani ya duba abin da ake nufi da musanta sakamakon zaɓe, siffofin da yake ɗauka a hannun masu riƙe da muƙamai na jiha da na ƙaramar hukuma, abin da doka ta tanada, da kuma abin da yake jawo wa mai zaɓe, musamman a Anka da Gummi da Bukkuyum, inda zuwa rumfar zaɓe kansa kasada ce.

Me ake nufi da musanta zaɓe?

Duk ɗan takarar da ya ga an zalunce shi yana da 'yancin zuwa kotu. Wannan ba musu ba ne, hanya ce da tsarin mulki ya shimfiɗa. Musu yana farawa ne inda mai muƙami ya ƙi yarda da sakamako ba tare da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali ba, ko ya yi amfani da kujerarsa wajen hana sakamakon aiki.

A Najeriya abin yakan zo ta hanyoyi uku. Akwai musu na baki, inda wanda ya sha kaye zai ci gaba da gaya wa magoya bayansa cewa an yi masa ƙwace, ko da bayan kotu ta ce bai kawo hujja ba. Akwai musu na hannu, inda jami'i zai yaga takardar sakamako, ko ya hana a tattara, ko ya sanar da abin da ba shi ke rubuce ba. Na uku shi ne musanta zaɓen baki ɗaya: a ƙi gudanar da shi, ko a kori waɗanda aka zaɓa a naɗa kantomomi, ko a shirya zaɓen da kowa ya san sakamakonsa tun ba a buga takardun ƙuri'a ba.

Abin da ya sa musun mai muƙami ya fi na ɗan adawa haɗari shi ne kayan aikin da ke hannunsa. Gwamna yana da gidan rediyon jiha da baitulmali da majalisa, kuma shi ke naɗa shugabannin hukumar zaɓen jiha. Maganarsa takan isa ƙauyen da jarida ba ta zuwa.

Daga Amurka zuwa Gambiya

Batun ya yi tashe a duniya bayan zaɓen Amurka na 2020, lokacin da Donald Trump ya ƙi yarda cewa Joe Biden ya kayar da shi. Shi da magoya bayansa sun shigar da ƙararraki fiye da 60, kusan duka suka faɗi. Abin da ya biyo baya a matakin ƙasa-ƙasa shi ne ya fi kama da halin da ake ciki a nan. A Yunin 2022, kwamishinonin gundumar Otero a jihar New Mexico sun ƙi sa hannu a kan sakamakon zaɓen fidda gwani har sai da babbar kotun jihar ta tilasta musu. A Nuwamban shekarar aka maimaita haka a gundumar Cochise ta Arizona. A Colorado kuwa, an yanke wa jami'ar zaɓen gundumar Mesa, Tina Peters, ɗaurin shekara tara a Oktoban 2024 saboda ba wani baƙo damar shiga na'urorin zaɓe.

A Afirka ta Yamma, Yahya Jammeh na Gambiya ya amince da faɗuwa a Disamban 2016, bayan mako guda ya lashe amansa, bai bar ƙasar ba sai 21 ga Janairu, 2017 da ƙasashen yankin suka yi masa barazanar soja. Najeriya tana da nata tabon na soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Tana kuma da misalin da ya saɓa wa wannan: wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari ranar 31 ga Maris, 2015 tun ba a kammala sanar da sakamako ba.

2019: ƙuri'un da suka tashi a banza

Rikicin Zamfara na 2019 ya faro ne daga cikin gida. APC ta dare biyu, ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da ɓangaren da Sanata Kabiru Marafa yake cikin jagororinsa. Wa'adin zaɓen fidda gwani ya cika ranar 7 ga Oktoba, 2018, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta ce jam'iyyar ba ta gudanar da shi ba, don haka ba ta da 'yan takara a jihar. Gwamnatin jiha da shugabannin jam'iyyar da ke tare da ita suka ƙi yarda, suka dage cewa an yi zaɓen.

Ranar 25 ga Janairu, 2019 kotuna biyu suka yanke hukunci masu karo da juna. Babbar kotun jiha a Gusau ta ce an yi zaɓen fidda gwani, babbar kotun tarayya a Abuja kuma ta ce INEC ce mai gaskiya. Ana dab da zaɓe aka mayar da sunayen 'yan takarar APC. Mukhtar Shehu Idris ya samu ƙuri'a 534,541 a zaɓen gwamna, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452.

Ranar 24 ga Mayu, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta ce babu zaɓen fidda gwani na halal, saboda haka duk ƙuri'un da aka jefa wa APC ɓatattu ne. Kujeru 36 suka sauya hannu: gwamna da mataimakinsa, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai da 'yan majalisar jiha 24. A Zamfara ta Yamma, wadda ta haɗa Anka, Bakura, Bukkuyum, Gummi, Maradun da Talata Mafara, kujerar sanata ta bar hannun Yari ta koma ga Lawali Hassan Anka. APC ta koma ta roƙi kotun ta sake duba hukuncinta, aka yi watsi da roƙon a Maris ɗin 2020.

Kotu ta bi doka ne, kuma laifin na shugabannin da suka ƙi karɓar gaskiyar da hukumar zaɓe ta gaya musu wata biyar kafin zaɓe. Sai dai darasin da ya isa ga talaka daban ne. Mutum ya bi layi ya dangwala, an ƙirga, an sanar, sannan aka ce tamkar bai fito ba. A Yunin 2021 Matawalle ya sauya sheƙa zuwa APC, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ƙi binsa, majalisa ta tsige shi a Fabrairun 2022. Ta haka wanda ya zaɓi PDP shi ma ya wayi gari ƙuri'arsa tana hannun jam'iyyar da ya ƙi.

2023: amincewa, zargi, sannan kotu

A zaɓen 2023 Dauda Lawal na PDP ya samu ƙuri'a 377,726, Gwamna Matawalle ya samu 311,976, tazarar 65,750. Da farko Matawalle ya rungumi ƙaddara, ya nemi jama'a su yafe masa. Daga baya ya fito a wata hira ya yi zargin cewa an jibge sojoji a jihar ne domin a hukunta shi, saboda Zamfara tana cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan canjin takardun naira. Babu kotun da ta tabbatar da wannan zargi.

Ƙarar da ya shigar ta fi karkata ne ga sakamakon Maradun, mahaifarsa, da wuraren da ya ce ba a yi zaɓe ba ko ba a ƙirga ba. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta zauna a Sakkwato ta kori ƙarar ranar 18 ga Satumba, 2023. Ranar 16 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta juya hukuncin, ta ce kuskure ne a dogara da hotunan sakamako da ke shafin intanet na INEC, wato IReV, ta kuma ba da umarnin sake zaɓe a ƙananan hukumomi uku, har da Bukkuyum. Kotun Ƙoli ta soke wannan, ta ce mai ƙara bai tabbatar da zarginsa ba. A wannan rana ce kotun ta mayar wa Abba Kabir Yusuf na Kano ƙuri'a 165,663 da kotun farko ta zaftare masa saboda jami'an zaɓe ba su sa hannu da hatimi a bayan takardun ba.

Zuwa kotun da Matawalle ya yi haƙƙinsa ne. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka gaya wa jama'a a hira da abin da aka iya tabbatarwa a gaban alƙalai. Zargin ya riga ya zaga kasuwanni da majalisun hira, hukuncin da ya biyo bayan wata tara kuwa bai bi sawunsa ko'ina ba.

Idan jami'in ne da kansa

Misali mafi girma na musun hannu ya faru a Adamawa ranar 16 ga Afrilu, 2023. Kwamishinan zaɓen jihar, Hudu Yunusa Ari, ya ayyana Aishatu Dahiru Binani a matsayin wadda ta ci alhali ba a gama tattara sakamako ba, kuma doka ba shi ta ba ikon sanarwa ba, baturen zaɓe ta ba. INEC ta soke sanarwar a ranar, bayan kwana biyu aka ayyana Ahmadu Umaru Fintiri. A maƙwabciyar Zamfara, Sakkwato, an dakatar da kwamishinan zaɓe Nura Ali tsakanin zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna a wannan shekara.

A Kano a 2019, an yaga takardar sakamakon mazaɓar Gama a cibiyar tattarawa ta ƙaramar hukumar Nasarawa, aka zargi wasu manyan jami'an gwamnatin jihar, su kuma suka musanta. Lokacin Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a 26,655. Aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka koma ranar 23 ga Maris cikin tashin hankalin da masu sa ido na cikin gida da na waje suka yi tir da shi, Abdullahi Ganduje ya ci da tazarar 8,982. Tun daga nan kalmar “inkwankulusib” ta shiga bakin Bahaushe da ma'anar da ta fi ta doka nauyi.

Ƙananan hukumomi: inda kowa ya taka nasa tudun

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ƙananan hukumomi zaɓaɓɓun shugabanni. Amma gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar zaɓen jiha, majalisar jiha ta tabbatar. Sakamakon wannan tsari a Zamfara a fili yake. A Afrilun 2019, ƙarshen mulkin Yari, APC ta lashe kujeru 14 duka. A Yunin 2020, ƙarƙashin Matawalle na PDP, aka rushe su, aka koma mulkin kantomomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta haramta naɗa kantomomi a duk faɗin ƙasar, ta ce kuɗin ƙananan hukumomi na zaɓaɓɓu ne kawai. A Nuwamban shekarar hukumar zaɓen jihar, ZASIEC, ta gudanar da zaɓe, APC ta ƙaurace, PDP ta lashe kujerun ciyaman 14 da na kansila 147.

Majalisar dokokin jihar ma ba ta tsira ba. A Fabrairun 2024 ta dakatar da wasu mambobinta, cikinsu har da masu wakiltar mazaɓu a Gummi da Bukkuyum, su kuma suka kafa zamansu daban ƙarƙashin Bashir Aliyu Gummi. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, mazaɓun da abin ya shafa sun daɗe ba su da murya a zauren da suka tura wakili.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Jam'iyyar da ta kira zaɓen ƙananan hukumomi wasan yara tana adawa, ita ce take cinye kujeru duka idan ta hau.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba mai ƙorafi kwana 21 daga ranar sanar da sakamako ya shigar da ƙara. Kotun farko tana da kwana 180, kowane matakin ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, rumfa bayan rumfa, kuma sai ya nuna cewa saɓa dokar ya isa ya sauya sakamako.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta toshe wasu kafofi. Sashe na 65 ya ba INEC kwana bakwai ta sake duba duk sanarwar da aka yi bisa tilas ko saɓanin doka. Sashe na 51 ya ce a auna aringizon ƙuri'u da adadin waɗanda aka tantance, wanda na'urar BVAS ke riƙewa. Sashe na 120 ya tanadi ɗaurin wata 36 ga wanda ya sanar da sakamakon da ya san ƙarya ne. Sashe na 24 kuma ya wajabta wa hukumar ta yi ƙoƙarin ganin waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu ba su rasa damar zaɓe ba.

Raunin yana wajen hukunci. Ɗaurin shekara uku da aka yi wa Farfesa Peter Ogban a Akwa Ibom a 2021 kan sauya alƙaluma ya yi suna ne saboda irinsa ba shi da yawa. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe tun 2008, amma aka shiga zaɓen 2023 babu ita.

Illarsa ga masu zaɓe

Fitowar masu zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ta sauko daga kashi 69 cikin 100 a 2003 zuwa kusan 54 a 2011, 44 a 2015, 35 a 2019, da 27 a 2023. A Zamfara, masu rajista sun ƙaru daga 1,717,128 a 2019 zuwa 1,926,870 a 2023, amma ƙuri'un da manyan jam'iyyun biyu suka samu a zaɓen gwamna sun ragu daga 723,993 zuwa 689,702. Ba musu kaɗai ya jawo haka ba. Akwai matsalar tsaro, akwai ƙarancin takardun kuɗi a 2023, akwai kuma BVAS da ta rage cushen ƙuri'un bogi. Sai dai musu yana aiki ne a kan waɗannan, ta hanyoyin da aka sani.

Na farko, yana sanyaya gwiwar magoya bayan mai musun kansa. Wanda shugabansa ya gaya masa cewa an riga an rubuta sakamako ba shi da dalilin bin layi. An ga haka a jihar Jojiya ta Amurka ranar 5 ga Janairu, 2021, inda jam'iyyar Trump ta rasa kujerun sanata biyu bayan fitowar masu zaɓe ta fi raguwa a yankunan da take da ƙarfi.

Na biyu, idan masu fitowa suka yi kaɗan, zaɓe yakan yi araha. Kuɗin sayen ƙuri'a da 'yan bangar da ba za su girgiza rumfa mai mutum ɗari biyar ba sun isa su juya mai mutum tamanin.

Na uku, yana zubar da jini. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma a Bauchi an kashe masu yi wa ƙasa hidima goma da aka tura aikin zaɓe.

Na huɗu, yana binne maguɗi na gaskiya. Idan duk wanda ya faɗi ya ce fashi ne, ranar da aka yi fashin ba wanda zai waiwaya.

Nauyin duk wannan ya fi sauka a kan ƙauyuka irin su Tungar Daji a Anka. Tana cikin garuruwan da gubar dalma ta afka wa a 2010, tare da Dareta, Abare, Sunke da Bagega, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, annobar da ta kashe yara aƙalla 400. Bagega ba ta ga aikin share gubar ba sai 2013, bayan matsin lambar masu fafutuka. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna yankin suka ce kusan 200 ne. A Agustan 2024 ambaliya ta cinye gidaje a Gummi. Mutanen da ke cikin wannan hali ba su da ɗan'uwa a Abuja, ƙuri'a ce kaɗai abin da ke sa mai mulki ya tuna da hanyar garinsu. Kuma rumfunansu ne suka fi shiga jerin wuraren da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, waɗanda lauyoyi ke kafa hujja da su daga baya.

Yadda ake gane ƙorafi na gaskiya

Mai ƙorafi na gaskiya yakan ambaci rumfa da mazaɓa da adadi, ya nuna kwafin takardar EC8A da wakilinsa ya karɓa, a gwada ta da hoton da ke IReV da adadin da BVAS ta tantance. Abin da yake faɗa a taro shi ne abin da ya rubuta a takardar ƙara. Yakan yarda da tsarin ko a inda ya ci ko a inda ya faɗi, ba ya karɓar kujerun da jam'iyyarsa ta samu a rana guda da akwati guda sannan ya ce sauran haramtattu ne. Idan kotun ƙarshe ta yi magana, yana iya sukar hukuncin, amma ba ya hana shi aiki.

Ga matasan da ke aikin wakilcin jam'iyya ko sa ido, kariyar ƙuri'a tana rumfa: a tsaya har a ƙirga a bainar jama'a, a karɓi kwafi mai sa hannu, a ɗauki hoton wanda aka manna a bango, a raka sakamako cibiyar tattarawa ta mazaɓa. Shari'ar da ba ta da waɗannan takardu ta faɗi tun ba a shigar da ita ba.

Tarihin jihar kansa yana ƙaryata masu cewa ƙuri'a ba ta aiki. Tun da aka ƙirƙiri Zamfara a 1996, gwamnoni biyu masu ci sun nemi wa'adi na biyu sun faɗi a akwati: Mahmuda Aliyu Shinkafi a 2011 da Bello Matawalle a 2023. Dukansu sun bar jam'iyyar da ta kawo su sun koma wadda ke mulki a Abuja, dukansu suna riƙe da gidan gwamnati a ranar zaɓe, kuma masu zaɓe suka sauke su.